Minti Goma Sha Huɗu a Wayar Ladan

Samarin da ke zama a bencin gaban rumfata a unguwar New Bell, nan Douala, sun daɗe da yanke hukuncin cewa ba ni da aiki. A ganinsu, mutum mai shekara hamsin da ke wuni yana latsa wayoyin jama'a, yana girbe tumatirin da ba a miya da shi, kuma a sallame shi a kan haka, ya tsinci dami a kala. Kwanan baya ɗaya daga cikinsu ya ce idan ya kammala karatu bai sami aiki ba zai kafa tebur irin nawa a gefena. Na ce Allah ya ba da sa'a, kuma da gaske nake. Sai dai na ga ya dace in rubuta abin da na sani game da sana'ar, domin wanda zai shige ta ya san inda ramukanta suke tun kafin ƙafarsa ta faɗa.

Ga wanda bai sani ba, wasan gona ne da ake yi a waya. Ana shuka, a jira, a girbe, a sayar, a sami sulalla na cikin wasan. Da sulallan ake faɗaɗa gona, a gina rumbu, a sayi shanu. Ba a sayen ko gishiri da su a kasuwa, amma na ga dattijo mai shaguna uku ya ƙi cin abincin rana saboda an rage masa su. Kowace shuka da lokacinta. Tumatir minti goma sha biyar, gyaɗa awa biyu, masara awa takwas. In lokaci ya wuce ba a girbe ba, amfanin ya ruɓe. Ɗan kasuwar da ke fama da masu ciniki daga safe zuwa la'asar ba shi da wannan sukunin, saboda haka yakan ajiye mini wayarsa ta wasa da safe ya karɓa da yamma. A taƙaice ni ɗan ƙwadago ne a gonakin da babu su.

Ba da wannan na fara ba. A unguwar nan aka haife ni, kakana ya sauko daga ƙasar Katsina da fataucin goro ya zauna. Na karanta lissafi a jami'a a Yawunde, na yi shekara goma sha biyu ina akawu a Bonanjo, a wani kamfani mai fitar wa mutane kaya daga tashar jiragen ruwa. Da kamfanin ya rufe ina da shekara talatin da takwas, na yi wata tara ina yawo da takardu a ambulan. A wannan yawon na saba da Pa Dika, wani dattijo ɗan asalin garin nan, mai gyaran agogo a ƙarƙashin bishiyar mangwaro kusa da ofisoshi. Waya ta kashe masa sana'ar agogo, shi kuwa bai yi fushi da ita ba, ya koma gyaranta. Akawuna suka fara bar masa wayoyinsu ya riƙa girbe musu gona yayin da suke ofis, har abin ya fi ƙarfin hannunsa biyu. Ya ce in zo in zauna. Yana kira na Profesa, kuma har ya bar aiki ban tabbatar ko girmamawa ce ko zolaya ba.

Aikin farko da ya ba ni waya ce ta wata sakatariya, allonta a tsage. Ya ce in girbe gyaɗar in sake shukawa, kada in taɓa komai bayan wannan. Ina cikin yi saƙo ya faɗo a saman allo, idona ya bi shi ba da niyya ba. Pa Dika bai ɗago daga abin da yake yi ba, ya miƙo hannu ya karɓe wayar, ya ba ni tsumma ya ce in goge teburi. Kwana uku ina goge teburi da digirina. A rana ta huɗu ya zaunar da ni ya faɗa mini dokokinsa, guda biyu ne kacal. Ta farko, abin da ka gani a wayar mutum ba ka gan shi ba, kuma ba ka faɗa wa kowa wane ne ke kawo maka waya, ko da matarsa ce ta tambaya. Ta biyu, ba ka taɓa agogon wayar mutum. Na fahimci ta farko nan take. Ta biyu kuwa na ɗauke ta a matsayin tsohuwar al'adar mai gyaran agogo, wanda yake jin ciwo in ya ga ana wasa da lokaci.

Dole in bayyana dalilin dokar, domin a nan dabarar da kowa ya sani take. A shekarun farko wasan ya yarda da duk abin da agogon waya ya faɗa masa. Sai mutum ya kashe rezo, wato sabis ɗin waya, ya shiga saitin waya ya tura agogo gaba da awa takwas, ya dawo ya tarar masara ta nuna. Ya girbe, ya mayar da agogo. Masu tebura irin namu a unguwar Ndokoti da haka suka yi suna, suna tara wa mutum sulallan mako a wuni guda. Pa Dika bai taɓa yi ba. Da na matsa masa da hujjoji, har da lissafi a takarda, sai ya ce da ni da Faransanci, “L'heure, ce n'est pas à toi,” wato lokaci ba mallakarka ba ne. Ya ce mai waya gona ya ba ka, bai ba ka ranarsa ba. Na bar maganar don ladabi, amma ban gamsu ba.

Dabarun da ya koya mini na masu haƙuri ne, kuma har yau da su nake ci. A buɗe akwatin kyauta kowace rana kada a tsallake, domin na rana ta bakwai ya fi na sauran shidan a haɗe. A shuka mai ɗaukar dogon lokaci kafin mai waya ya karɓa, mai gajeren lokaci kuwa yayin da take hannunka. Kada a sayar wa kasuwar wasan da safe, a jira motar oda ta zo, ita ce ke saye da daraja. Kada a bar rumbu ya cika maƙil, abin da aka girbe bayan ya cika asara ne. Mafi muhimmanci, idan masu wasan suka turo sabon gyara, abin da muke kira mizajur, kada a sa shi a wayar kowa a ranar farko. A sa a tsohuwar wayarka ta gwaji, a karanta sanarwar tun daga sama har ƙasa, har da ƙananan rubutun da kowa ke tsallakewa, a kwana biyu ana lura. Ina da littafi na musamman da nake rubuta kowane canjin doka a ciki. Na ga sun rage kallon talla daga yadda mutum ya ga dama zuwa sau biyar a rana. Na ga sun matsar da sa'ar da ranar wasa ke juyawa, wanda ya sa mutane da yawa suka rasa akwatin rana ta bakwai ba su san dalili ba. Na ga shekarar da suka ce sulallan da ba a kashe ba kafin ƙarshen zango za su ragu da rabi. Wanda bai karanta ba yakan wayi gari ya ce an yi masa sata.

Da gwiwoyin Pa Dika suka gaza ya koma wurin 'yarsa a Sodiko, can hayin gada, na ɗauko teburin na dawo da shi unguwarmu, inda 'yan kasuwa suka fi akawuna yawa. Kayan aikina ba su da yawa. Teburi mai gurabe goma sha biyu, kowane gurbi da igiyar cajinsa. Batirin mota a ƙarƙashi saboda ɗaukewar wuta. Ƙaramar fanka, domin wayar da ta wuni a kunne a zafin Douala takan kumbura batir. Ledoji masu zip saboda ruwa. Ba na manna suna a bayan waya, lamba nake sawa, sunan yana kaina. Mai jin cewa aikin latsawa ne kawai, ya gwada riƙe lokutan nunar gonaki goma sha biyu a ƙwaƙwalwarsa, kowace da abin da mai ita yake so, wani ya hana a sayar da shanunsa, wata ta ce kada a kuskura a matsar da rijiyar daga inda ta sa ta.

Waya mai lamba bakwai ta Baba Sanda ce, ladanin masallacin layinmu. Na ambaci sunansa ne domin shi da kansa ya fasa sirrin daga baya, kuma ya yarda in rubuta. A lokacin ya haura saba'in, ya yi shekara ashirin da shida yana kiran salla, yana zaune a ɗakin da ke jikin masallaci, wanda bisa al'ada na ladan ne muddin yana kan aiki. Daga wani ƙauye kusa da Garwa ya zo yana saurayi, ya yi gadi a tashar jiragen ruwa har ƙarfinsa ya ƙare, bai taɓa mallakar ko taki ɗaya na ƙasa a garin nan ba. Wata jikarsa ce ta sa masa wasan lokacin da ta zo hutu. Ranar da ya fara zuwa wurina sai da ya jira bencin ya watse, ya zauna ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zaro wayar daga aljihun gaba kamar mai miƙa abin da aka hana. Ya ce idonsa ba ya jure allo, ga shi gyaɗarsa tana ruɓewa tsakanin azahar da la'asar. Waya ɗaya gare shi, ita ce ta wasa, ita ce ta kira, ita ce kuma agogonsa tun da na hannunsa ya mutu. Yakan kawo bayan sallar azahar, ya kira la'asar da agogon makwabcinsa tela, sannan ya zo ya karɓa.

A shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar damina masu wasan suka toshe dabarar agogo. Sanarwar ta ce duk wayar da aka ga agogonta ya yi tsalle za a ƙwace sulallanta. Masu teburan Ndokoti suka shiga zullumi. Ni kuwa na zauna da wayar gwaji da littafina na yi abin da aka koya mini a jami'a. Na lura cewa ba za su iya hukunta kowane bambanci ba, tunda agogunan wayoyi ba sa daidaita da juna, dole sun bar wata 'yar tazara. Na gwada minti talatin, aka kama. Na gwada ashirin, aka kama. Goma sha biyar, wani lokaci a kama wani lokaci a bari. Goma sha huɗu kuwa ba a taɓa kamawa ba. Tumatir minti goma sha biyar yake ɗauka. Ke nan sai in shuka, in tura agogo gaba da goma sha huɗu, in jira minti ɗaya, in girbe, in mayar, in sake shukawa. A awa guda ina yin aikin wuni. Na gaya wa kaina cewa wannan ba karya dokar Pa Dika ba ce sosai, tunda ba awa takwas ba ce, ɗan motsi ne. Ban tsaya na yi tunanin abin da ya fi sauƙin gani ba: agogon da ya yi kuskuren awa takwas ko yaro zai gane, wanda ya yi na minti goma sha huɗu kuwa babu mai ganewa.

Ranar sha tara ga azumi aka wuni ana ruwa irin na garin nan, wanda ba ya tsawa ba ya iska, zuba kawai yake. Wuta ta ɗauke tun hantsi, batirin motar ya fara rauni, ina ta cire wannan ina sa wancan. Bayan la'asar mutum huɗu suka zo karɓar wayoyinsu a tare, kowa na sauri ya tsere wa ruwa. Baba Sanda na cikinsu da lemarsa mai karyayyen ƙarfe. Na sa masa wayar a leda na miƙa masa. Sai da yamma ta yi, gari ya yi duhu tun kafin lokaci saboda hadari, babu mai iya cewa ga inda rana take. Baba ya duba jadawalin azumi da ke manne a bango, ya duba wayarsa, ya kunna lasifika da batirin masallaci ya kira magariba. Layinmu gaba ɗaya ya sha ruwa. Ni ma na ci dabino na kurɓi kunu. Muna cikin alwala sai muka ji masallacin layin baya ya ɗauki kira, na gaba da shi ya amsa, sannan sauran unguwar baki ɗaya.

Bayan salla aka kewaye Baba a baranda. Wani ya karɓi wayarsa ya jera da tasa, ya ce ai ga matsalar, ta tsohon tana gaba da minti goma sha huɗu. Da na ji adadin ban bukaci ƙarin bayani ba. Mutane suka ce ya latsa wani abu ne bai sani ba, tsufa ne, ido ya tafi. Baba bai dubi inda nake ba. Liman ya sanar cewa duk wanda ya sha ruwa da wannan kiran zai rama yini ɗaya bayan ƙaramar salla, babu kaffara tunda ba da gangan ba ne. Washegari labari ya fito cewa kwamitin masallaci zai zauna jibi bayan azahar, kuma shugabansa, Alhaji Garga mai shagon atamfa, yana ganin lokaci ya yi da Baba zai huta. Kowa ya san abin da hutun yake nufi. Ladan in ya sauka, ɗakin ma sai ya sauka daga cikinsa.

Da safe Baba ya zo rumfata, ba da waya a hannu ba. Na fara ba shi haƙuri, na ce zan je gaban kwamiti in faɗi gaskiya. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

“Malam Isiyaku, in ka faɗa, za su tambaye ka me wayata take yi a wurinka.”

Na ce haka ne, Baba.

“To ka bari. Gara a ce Sanda ya tsufa da a ce Sanda yana wasan yara a cikin azumi. Tsufa ba abin kunya ba ne.”

Na tambaye shi ina zai koma in an karɓi ɗakin. Ya ce Allah bai taɓa barin sa a waje ba, ya tashi ya tafi.

Ga inda na tsaya: na karya doka ta biyu, kuma babu hanyar gyarawa sai ta karya ta farko, a kan mutumin da ya roƙe ni da bakinsa kada in karya. Na rufe rumfa na hau babur zuwa Sodiko, muka tsallake gada ruwa na dukanmu. Na sami Pa Dika a baranda ya miƙe ƙafafu a kan kujera. Na faɗa masa komai ban ambaci suna ba. Na zaci zai tuna mini abin da ya faɗa a ƙarƙashin mangwaro, amma bai yi ba. Ya tambaye ni minti nawa, na faɗa, ya gyaɗa kai kamar likitan da ya ji sunan cutar da ya sani. Sannan ya ce sunan mai waya ba nawa ba ne, ba ni da ikon bayarwa, amma nawa sunan nawa ne, ina iya kai shi duk inda na ga dama. In faɗi abin da hannuna ya yi, in bar dalilin da ya kawo wayar. Na ce in suka matsa fa. Ya ce, Profesa, ai shiru ma amsa ce, sai dai mai ita ke biya. Da zan tafi ya sa 'yarsa ta ɗauko wani tsohon agogon hannu mai wani, irin wanda ake murɗawa da hannu, ya ba ni, ya ce ba kyauta ba ce, kayan aiki ne.

An zauna a zauren Liman, mutum biyar na kwamiti, da Baba a gefe kan buzu. Na nemi izini na shiga. Yanzu da su kansu suna ba da labarin a shaguna ina iya faɗa: uku daga cikin biyar ɗin wayoyinsu na kan teburina a wannan sa'ar, har da ta Alhaji Garga, mai lamba biyu. Babu wanda ya san da na ɗan'uwansa. Na ce, Allah gafarta Malam, wayar Baba ta biyo ta hannuna ranar, ni na tura agogonta gaba, na manta ban mayar ba, shi bai san an taɓa ba. Laifin azumin mutanen layin nan a wuyana yake.

Liman ya dube ni ya tambaya wane irin aiki ne ke sa a tura agogon mutum gaba. Na ce wannan ba zan iya faɗa ba. Ya sake tambaya cikin natsuwa, ya ce magana rabi ba ta wanke kowa, za a iya cewa tausayin tsoho ne ya sa na ɗauki laifin da ba nawa ba. Na ce na sani, amma ba zan iya ƙarawa ba. Mutum ukun nan sun san sarai abin da minti goma sha huɗu yake nufi, domin sun ga yadda sulallansu suka yi ta hauhawa a watan. Alhaji Garga ya duƙufa kan carbinsa. Ɗaya daga sauran biyun ya sami wani abu a silin yana kallo.

Baba Sanda ne ya yi gyaran murya.

“Malam, gonata nake kai masa.”

Liman ya ce wace gona.

“Ta cikin waya. Shekara hamsin rabona da fartanya. Yarinyar nan ta sa mini, na ga ƙasa ja irin ta garinmu, na kasa cirewa. Shi yana girbe mini ne in ina masallaci. Na ce ya rufa mini asiri, ga shi ya rufa har yana neman ya tona nasa. Ya isa haka.”

Babu wanda ya yi dariya. Liman ya tambaye shi, da muryar da zai tambayi manomi na gaske, me yake shukawa. Baba ya ce masara galibi, da 'yar gyaɗa, yanzu yana mataki na talatin da ɗaya. A nan ne Alhaji Garga, wanda bai buɗe baki ba tun shigowata, ya ɗago kai ya ce:

“A talatin da ɗaya masara asara ce, Baba. Rake ake sawa.”

Ya rufe baki, amma magana zarar bunu ce. Liman ya juya ya dube shi tsawon lokaci. Na kusa da Alhaji Garga ya sa hannun riga ya toshe fuska, kafaɗunsa na rawa. Liman ya ce to, ashe manoman sun yi yawa a zauren nan, shi kaɗai ne ba shi da gona. Daga nan maganar hutun Baba ba ta sake tashi ba. Aka yanke cewa za a sa agogon bango a masallaci, ladan ya riƙa haɗa shi da na waya kafin kiran magariba, ni kuma in tashi bayan la'asar in faɗa wa jama'a abin da na faɗa a zaure. Na tashi na faɗa. Bayan salla na rama yinina tare da kowa. Har yau akwai wata tsohuwa a layinmu da in ta gan ni takan ce ga mai gajarta rana.

Wannan ita ce shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata, kuma ba don abin da samari za su zata ba. Mutane sun yafe maganar azumin da wuri. Abin da ba su yafe ba shi ne na daina dabarar. Sulalla suka koma tafiyar hawainiya, masu tebura a unguwannin Ndokoti da Village kuwa sun gano tazarar su ma, suna yi ba fargaba. Gurabe goma sha biyu suka koma huɗu. Na koma manna gilashin allo da sayar da igiyoyin caji don a ci abinci. Na sha tambayar kaina ko taurin kai ne kawai, tunda kuskuren na mantuwa ne, ana iya kiyayewa. Amsar da na samu ita ce mutumin da ke juya agogo sau hamsin a wuni zai manta sau ɗaya, ko ba daɗe ko ba jima, kuma ba shi ke zaɓar wayar da zai manta a kanta ba. Wani da ita yake shan magani, wata da ita take ɗauko yara daga makaranta.

Wajen ƙarshen shekarar masu wasan suka sake doka. Suka rufe tazarar gaba ɗaya, suka kuma bi tarihin kowace gona, duk wadda aka taɓa yi wa dabarar suka share ta. Ba zan ce wannan ya wanke ni ba, domin bai tsallake nawa mutanen ba. Aikin da na yi a watan azumi yana rubuce a wurinsu. Gonaki tara da suka biyo ta hannuna suka tafi, har da ta Alhaji Garga, wanda ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau. Har da ta Baba Sanda, da shanunsa shida da rumbunan da ya yi shekara biyu yana ginawa. Sannu a hankali teburin ya sake cika, domin bayan wannan babu abin da ya rage wa kowa sai dabarun masu haƙuri, kuma su na iya.

Saboda haka, ga mai son kafa tebur a gefena: ka sami wayar gwaji, ka karanta sanarwa har ƙasa, ka riƙe bakinka. Agogon Pa Dika yana rataye a ƙusa a gaban teburina, ina yi masa wani kowace safiya. Babu wayar da ke barin hannuna sai na ɗaga ta kusa da shi na ga sun yi daidai, ko da ban taɓa saitinta ba, ko da mai ita yana tsaye yana ƙorafin sauri.

Ranar da aka share gonar Baba ni na faɗa masa, domin ban so ya buɗe ya gani shi kaɗai. Na aika ya kawo wayar tun kafin azahar, na buɗe masa. Ya karɓa ya daɗe yana kallon filin, babu komai sai jar ƙasa da ramuka shida na mai farawa. Ya ce in sa masa masara. Na ce Baba, awa takwas ce fa, kuma yanzu ba ni da hanyar gaggauta ta. Na shuka masa, ya mayar da wayar aljihun gaba, ya dubi agogon da ke ƙusa, ya ga saura minti goma azahar, ya miƙe yana gyara hula.

“A garinmu wata uku muke jiran ta,” in ji shi, ya nufi masallaci.